Juma'ar da Ɗan'azumi Ya Ƙara wa Tsoho Magana

Kafin Ɗan'azumi ya zo Makka, sana'arsa a Kano fassarar fim ce. Yakan zauna a wani ɗan ɗaki a bayan kasuwa da makirufo a gabansa, ya riƙa sa 'yan Indiya da 'yan Sin suna Hausa. Indiyancinsa na tsinta ne, Turancinsa na sakandare, amma Allah ya ba shi baki. Inda bai gane ba sai ya ƙirƙira, inda aka yi shiru sai ya cike da barkwanci, kuma ba a taɓa dawo masa da faifai an ce ya yi ƙarya ba. Da kasuwar faifai ta mutu, wani ɗan'uwansa ya samo masa bizar aiki. A shekarar 2017 yana guga a ɗakin wanki na wani otal a unguwar Jarwal, yana kwana a unguwar Utaibiyya, a ɗakin saman wani tsohon gida, tare da wasu 'yan ƙasarsu.

Bakin nan nasa bai bar shi ba. Juma'a ce kawai ranar hutunsu, don haka in an sauko daga masallaci aka ci shinkafa, sai a saki labule, a kunna talabijin, a rage mata murya, Ɗan'azumi ya gyara zama ya koma aikinsa na da. Har 'yan Nijar da ke gidan maƙwabta sukan hauro su cika bakin ƙofa.

A nan ya saba da Dawuda, ɗan mai gidan. Kakan Dawuda ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba, shi kuma Dawuda a Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Yana koyar da Turanci a wata sakandare, yana kuma karatun digiri na biyu a fannin adabi, shi ya sa 'yan ɗakin ke ce masa Ustaz. Wata Juma'a ya hau duba tankin ruwa, ya ji an ɓarke da dariya, ya leƙa, ya tarar wani basaraken Indiya yana daka wa fadawansa tsawa a kawo masa fura da nono. Tun daga ranar ya zama ɗan ɗakin. Yakan ce tun rasuwar kakarsa bai ji Hausa mai daɗi irin ta nan ba.

Mai shimfiɗa a bakin taga shi ne Mukhtaru, mai ɗaura tayil a wani bene da ake ginawa a Aziziyya. Mutumin wani ƙauye ne a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Rabin danginsa suna wancan ɓangaren, rafi ne kawai ya raba su, shi ma rafin ba ya ruwa sai da damina. Mukhtaru ba mai yawan magana ba ne, amma in Ɗan'azumi ya saki wata, shi ne ke dariya har da hawaye.

Bayan babbar salla da 'yan makonni aka kira shi yana wurin aiki. Ƙanensa Abubakar, wanda a gida ake ce wa Buba, ya ɗauko shinkafa a babur daga kasuwar tsallake, kamar yadda samarin garin ke yi, aka harbe shi a tsakiyar rafin. Masu kaki ne suka yi, wannan kowa ya yarda. Sai dai na wannan ɓangaren suka ce ba a ƙasarsu abin ya faru ba, na wancan ma suka ce ba a tasu ba. Ko da labarin ya iso Makka an riga an binne shi. Ya bar matarsa Mairama da tsohon ciki, ya bar mahaifiyarsu, Inna Ɗaso, wadda dama a gidansa take zaune.

Aka yi wa Mukhtaru gaisuwa, aka yi addu'a. Ya nemi hutu, kamfaninsu ya ce sai an miƙa ginin. Ya ci gaba da fita aiki, amma ya daina cin abinci tare da mutane. Wata rana Ɗan'azumi yana hawowa ya ji shi a kan matakala yana ɗaga murya a waya.

"Inna, kar ki sake ce min in bar wa Allah. Allah ne ya ce kar a tambayi wanda ya kashe shi?"

Ya kashe wayar. Daga ranar bai sake kiran tsohuwar ba, in ita ta sa an kira mata shi sai ya kife wayar a kan katifa. Wanda yake kira kullum wani abokinsa ne na gida, Zali, kuma maganarsu ba ta wuce abu biyu: a samo masa sunan wanda ya yi harbin, a kuma bincika masa inda ake samun "ƙarfe". Ɗan'azumi ya san ba ƙarfen gini ake nufi ba.

Dawuda bai san duk wannan ba. Shi dai an ce masa ƙanen Mukhtaru ya rasu a kan babur, ya zaci haɗari ne. Don haka da ya hauro wata Juma'a da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa a sake take.

"Yau na kawo muku fim ɗin risalata," in ji shi, yana nufin littafin da yake rubutawa don digirinsa. "Kaboyi ne, amma na zamani. Akwai doki, akwai mota, akwai waya. Malam Ɗan'azumi, ina so in ji yadda zai fito a Hausa."

Aka haɗa da talabijin. Fim ya buɗe da fili fetal, ba kiɗa, ba magana, sai iska. Ɗan'azumi ya jira, ya ƙara jira, sannan ya ce, "To jama'a, mun iso garin kurame."

Aka yi dariya. Dawuda ya ɗaga hannu. "La, ya Malam, bar shirun nan. Da gangan ne. Mai fim ɗin yana so filin ya gajiyar da kai kamar yadda ya gajiyar da mutanen cikinsa."

"Ustaz, a sana'armu shiru asara ne. Kana yin shiru za a ce faifan ya lalace."

Labarin a kan iyakar Amurka da Meziko yake. Wata mata ce, direbar motar 'yan makaranta, tana zaune da tsohuwarta da ƙanenta a wani gida kusa da kogi. Wata safiya maraƙinsu ya maƙale a wani tsibirin yashi a tsakiyar kogin, ƙanen ya naɗe wando ya shiga ya fito da shi. Sai aka ji harbi daga tsallake. Saurayin ya faɗi, maraƙin ya tsaya a kansa. Ba a nuna wanda ya yi ba.

Dawuda ya tsayar da fim ɗin, cike da zumuɗi. "Kun lura? Kyamara ba ta tsallake kogin ba. Tana gefen matar kullum. Abin da ita ba ta gani ba, mu ma ba za mu gani ba. Ka ga an mayar da mu 'yan gidan ke nan."

Ba wanda ya amsa masa. Ya ɗauka suna tunani ne, ya saki fim ɗin ya ci gaba.

Matar ta je kotun garinsu, aka ce mata kogin ya canza hanya shekarun baya, tsibirin ba ya cikin taswirarsu. Ta hau gada ta tafi wancan ɓangaren, kyamarar ta tsaya a bakin gadar tana jiran ta, har ta dawo da yamma, ta shaida wa tsohuwarta cewa can ma sun ce ba nasu ba ne. Muryar Ɗan'azumi ta yi ta raguwa. Wani daga cikin 'yan Nijar ya miƙe ya sa takalminsa ya sauka. Sai a lokacin Dawuda ya waiga ya dubi fuskoki. Na kusa da shi ya raɗa masa magana a kunne. Dawuda ya kai hannu zai rufe kwamfutar.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Mukhtar. Wallahi ban sani ba."

"Bar shi, Ustaz," in ji Mukhtaru, bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Ina so in ga abin da za ta yi."

Abin da ta yi shi ne ta je wurin wani tsoho mai gyaran injin ban-ruwa, abokin mahaifinta, ta ce ya ba ta bindigar da mahaifin ya bar masa ajiya. Tsohon ya shiga ciki ya fito da ita a naɗe cikin buhu, ya miƙa mata, ya faɗi wata gajeriyar magana. Ɗan'azumi ya ji abin da ya ce sarai. Amma ya dubi Mukhtaru, ya ga yadda ya turo ƙirji gaba, hannayensa a dunƙule a kan gwiwa. Sai ya kakare murya irin ta tsofaffi.

"'Yata, ki ji tsoron Allah. Wanda ya tafi ya tafi, harbi ba zai dawo da shi ba. Ki tuna kina da uwa, ki tuna akwai ranar hisabi. In kika kashe wani, ke da su me ya raba ku? Ki mayar da zuciyarki, ki..."

A cikin fim ɗin tsohon ya riga ya juya baya yana ɗaure kusa, amma Ɗan'azumi bai kai aya ba.

"Tsaya," in ji Mukhtaru. "Ustaz, mayar da shi baya."

Aka mayar. Tsohon ya sake miƙa bindigar, ya sake faɗar maganarsa.

"Bakin tsohon nan ko buɗewa bai gama yi ba ya rufe, kai kuma ka yi mana huɗuba. Ustaz, me ya ce?"

Dawuda ya dubi Ɗan'azumi, ya dubi tabarma. "Cewa ya yi ta sa wa bindigar mai, ta yi tsatsa."

Wani ya so ya yi dariya, ya haɗiye. Mukhtaru ya miƙe tsaye.

"Yaya Ɗan'azumi, in kana da magana da ni, ka faɗa min da bakinka. Kar ka laɓe a bayan tsohon Bature. Kowa ya mayar da ni yaro. A gida ana lallashina, nan ma ana lallashina. Ko mutum ɗaya bai ce min abin da aka yi wa Buba zalunci ne ba, sai haƙuri, haƙuri."

Ya ɗauki takalminsa a hannu ya sauka.

Makon nan duka shi da Ɗan'azumi ba su yi magana ba, alhali katifunsu na kallon juna. Ɗan'azumi ya ƙona rigar matashi a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Da ya taso wata yamma ya tarar da Dawuda a ƙofar gida yana wanke motarsa, ya tsaya.

"Ustaz, tsohon nan, don me bai hana ta ba? Dattijo guda, yarinya ta zo karɓar bindiga, abin da zai ce shi ne ta sa mai?"

Dawuda ya ajiye tsumman. "A tsofaffin fina-finan kaboyi, wanda ya ɗauki bindiga shi ne doka. Kowa ya saba da haka. Wannan fim ɗin ya san ka saba, sai ya miƙa maka bindigar, ya bar ka kana jira. Can sai ka kama kanka kana so a yi kisan. Da tsohon ya yi wa'azi, da ka samu mafaka, ka ce ai an hana ta. Mai fim ɗin ba ya so ka samu."

"To ta yi kisan?"

"In na faɗa maka na ɓata..."

"Ustaz, ba maganar risala nake ba. Mutumin nan bindiga ta gaske yake nema."

Ruwa na zuba daga tiyon a kan ƙafar Dawuda. "Ba ta yi ba," ya ce. "Amma ƙarshen ba zai yi masa daɗi ba. Ni na jawo wannan, ya Malam. Shekara da shekaru ina karanta fim ɗin nan kamar darasi, ban taɓa kallonsa kusa da wanda aka yi wa ba."

Washegari da safe Ɗan'azumi ya bi Mukhtaru har inda yake jiran motar kamfani, kusa da mai gashin burodin tamis. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Ka ce in faɗa da bakina. Abin da aka yi wa Buba zalunci ne, ban taɓa shakka ba. Kuma ina jin hirarku kai da Zali. Tsoro nake ji, Mukhtaru. Ina tsoron a kira ni a ce an binne ka kai ma. Shi ke nan maganata."

Mukhtaru ya daɗe yana kallon titi. Da motar ta tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ya waigo. "Juma'a a ƙarasa fim ɗin. Amma abin da suka faɗa kawai. In sun yi shiru, ka yi shiru."

Ranar Juma'a sauran 'yan ɗakin kowa ya samu uzuri, sai su uku suka rage. Ɗan'azumi ya zauna kusa da Dawuda, inda bai gane ba ya tambaya, sannan ya mayar da Hausa yadda take, ba gishiri.

Matar ta bar aikin tuƙi, ta shiga nema. Ta bi gidajen mai, ta bi wuraren cin abincin da masu gadin iyaka ke zama, ta yi ta tambaya ana korar ta. Takan dawo gida ta kwana, da safe ta sake fita. Daga ƙarshe wani ya ba ta suna da kwatance. A nan ne, karo na farko, kyamarar ta bi ta ta haye gadar. Dawuda ya buɗe baki zai yi bayani, ya rufe.

Mutumin da aka ba ta sunansa ya bar aikin kaki, yana faci a bakin hanya. Saurayi ne siriri mai i'ina. Aka nuno shi zaune a kan tsohuwar taya yana cin wake a gwangwani, yana gutsura wa wani kare burodi.

"Don me za su nuna min shi yana cin abinci?" in ji Mukhtaru. "Ba na so in san shi."

"Shi ya sa suka nuna," Dawuda ya ce a hankali.

Matar ta sace iskar tayarta da kanta, ta tsaya a gabansa. Ya durƙusa yana aiki, ƙeyarsa a ƙarƙashin tagar motar, ita kuma bindigar na kan cinyarta a lulluɓe da mayafi. Ba wanda ya ce uffan. Ana jin ƙarar guduma, ana jin motoci na wucewa. Ɗan'azumi ya ji maganganu na cunkuso a maƙogwaronsa, ya cije leɓe ya riƙe su. Bai taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba. Mai facin ya gama, ya buga jikin motar da tafin hannu alamar ta iya tafiya. Ta dube shi ta madubi, ta tayar da mota.

Abin da ya biyo baya ba harbi a ciki. Matar ta bi gida gida a ɓangarorin biyu, ta tara mutane a kan tsibirin da kowace ƙasa ta ce ba nata ba ne. Suka shiga ruwa har gwiwa, wasu da tebur a ka, suka zo da wani tsohon alƙali da ya yi ritaya. Aka ajiye kujera guda ga wanda ake tuhuma, bai zo ba. Duk wanda ya ga wani abu ko ya ji wani abu a safiyar nan ya tashi ya faɗa. Da suka gama suka watse. Sai damina ta sauka, ruwa ya taso ya shanye tsibirin, har da kujerar da aka manta a can. Fim ya ƙare.

"Wannan ne hukuncin?" in ji Mukhtaru. "Kujera? Shi yana can yana cin wakensa, su sun shiga ruwa sun yi hira sun fito?"

"Fim ɗin bai ce an yi adalci ba," in ji Dawuda. "An hana su kotu, sai suka riƙe abu ɗaya da ya rage musu: kar a wayi gari a ce abin bai faru ba."

"Bai ishe ni ba."

"Ni ma haka na rubuta. Na ce bai isa ba, kuma mai fim ɗin ya san bai isa ba."

Mukhtaru ya jingina da bango yana huci. Can ya ce, "Ina tsohuwar? Ban gan ta a tsibirin ba. Ɗanta ne fa."

Dawuda ya jawo kwamfutar. Ya mayar da fim ɗin baya, ya riƙa tsayar da shi a duk inda matar ta dawo gida. "Kar ka dubi matar," ya ce. "Dubi bayanta."

A karon farko matar tana gaba tana buga waya, can baya tsohuwar na tsaye a bakin murhu. A wani karon matar tana goge bindiga a kan tebur, tsohuwar na zaune a kujera da bargo a ƙafa, kwanon abinci a gefenta ba a taɓa ba. Daga nan sai ta ƙofar da aka bari a buɗe kaɗan ake hango ta kwance. A dawowar ƙarshe ƙofar a rufe take, matar kuma tana sanye da baƙaƙen kayan makoki, waɗanda da su ta shiga ruwa.

"Ba inda aka faɗa," in ji Dawuda. "An bar shi a baya ne, saboda ita ma a baya ta bar shi."

"Ni ko gani ban yi ba," Ɗan'azumi ya ce. "Mu aikinmu bin baki ne. Wanda bai yi magana ba, ba ma ganinsa."

 Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa, suka sauka suka yi, suka dawo. Da suka hauro, Mukhtaru bai shiga ɗaki ba, ya wuce can bakin tankin ruwa, ya zauna a inuwarsa, ya ciro waya. Daga ciki suna jin sa sama-sama.

"Inna... ni ne. A'a, ba abin da ya faru. Kin ci abinci? Me kika ci?"

Ɗan'azumi ya tashi ya tura ƙofa. Dawuda ya ɗora shayi, suka sha, ya huce, suka ɗora wani, Mukhtaru bai shigo ba.

Ba a ce daga ranar ya zama wani mutum dabam ba. Ya ci gaba da kiran Zali, wani lokaci har da faɗa. Amma yana kiran tsohuwarsa kullum in ya taso aiki, kuma ya dawo cin abinci a faranti ɗaya da mutane. Da aka miƙa ginin Aziziyya aka ba shi bizar fita da dawowa. Dawuda ne ya kai shi filin jirgin Jidda a motarsa, Ɗan'azumi na zaune a baya, bai yi masa nasiha ko ɗaya ba, sai da za su rabu ya ce ya gaida Inna.

Ya daɗe a gida, har 'yan ɗakin suka fara tunanin ba zai dawo ba. Sai ga shi wata rana da jaka cike da kilishi da daddawa, ya rame ya yi baƙi. Bayan an gama murna an watse, suka zauna su uku a bakin tanki, ya ba su labari.

Ya tarar ƙafar Inna Ɗaso a kumbure tun rasuwar Buba, ta hana kowa ya faɗa masa. Makonninsa na farko a asibitin birni ya yi su yana jinyarta, yanzu tana takawa da sanda. Zali kuwa ya cika alkawari, ya kawo masa suna. Sai dai wani mai shayi a bakin rafin ya ba shi wani sunan dabam, surukin Buba kuma ya rantse cewa wani na uku ne, kuma biyu daga cikinsu ba ma ɓangare ɗaya suke aiki ba.

"Da na sauka da zafin da nake da shi tun farko," ya ce, "da na farkon zan bi. Daga baya na ji wai ranar ma ba ya gari."

Ya je wurin dagatan ƙauyukan biyu, suka haɗa shi da waɗanda suka ga abin, ya kai su wurin wani lauya a babban birnin jiha suka faɗi abin da suka gani. Lauyan bai ɓoye masa ba, ya ce maganar za ta ja, kuma mai yiwuwa ba a kai ko'ina ba. Abin da aka samu zuwa lokacin shi ne an dawo da babur ɗin Buba, wanda da an ce babu shi, aka ajiye a ƙofar dagaci ba wanda ya ce daga ina.

"Ka je wurin da aka harbe shi?" Dawuda ya tambaya.

"Na je. Surukinsa ya nuna min. Na zaci zan ga wani abu. Yashi ne kawai, yara na ƙwallo a kai."

"Zuciyar fa?" in ji Ɗan'azumi.

"Ba ta huce ba, Yaya. Kar in yi maka ƙarya. Duk wata zan kira lauyan nan har ya gaji da ni."

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya shafa, ya miƙa musu. Jaririya ce a naɗe cikin zani a kan cinyar wata tsohuwa. Mairama ta sauka lafiya tun yana can, an sa wa yarinyar Batulu.

Dawuda ya ce masha Allah. Ɗan'azumi ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Kai, wannan kunnuwan gidanku ne."

"Na Buba ne," in ji Mukhtaru, ya miƙo hannu ya karɓi wayarsa. "Nawa ba su kai haka girma ba."